Gidan da Ya Ƙi Riƙe Ɗan Haya

Zuwa ga Kawu Makaniki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya ciwon bayan nan, ya sake ka? Ni lafiya lau, sai gajiyar keken ɗinki. Rigunan ma'aikata muke ɗinkawa tun wata uku, duk kala ɗaya, har in na rufe ido shuɗi nake gani.

Sau shida na kira wayarka ba ka ɗauka ba. Umma ta ce kai yanzu sai da takarda, to ga takarda.

Kawu, shekarata bakwai ke nan a wannan kamfanin ɗinki, nesa da gida. Yarjejeniyar aikina za ta ƙare nan da wata goma sha ɗaya. Ko in sake sa hannu na shekara biyu, ko in tattara in dawo, kuma dawowa nake so. Ka san ɗakin da Umma take haya a saman bene yake. Maƙwabciyarta ta gaya mini yanzu da zama take hawa matakalar, tana hutawa sau uku kafin ta kai. Ranar da na ji haka kasa cin abinci na yi.

Ga shawarar da na yanke. Abin da na tara ba zai gina sabon gida ba, amma zai sayi tsoho mai ɗaki huɗu. A zuba 'yan haya a uku, ni da Umma mu zauna a na huɗun, abin da ya shigo ya riƙe mu kafin in kafa shagon ɗinkina. Wadda take zama kusa da ni a wurin aiki haka ta yi, yanzu yaranta biyu da hayar gidan suke karatu.

Na san dangantakarmu sai an zauna an warware ta kamar zaren da ya sarƙe, kai ɗan ƙanin kakata ne, amma Umma ta ce duk dangi babu mai idonka. Wanda ya yi shekara talatin yana gano ciwon injin masaƙa, tsohon gida ba zai ɓoye masa aibinsa ba. Sharaɗina uku ne: kada bango ya zama mai tsotson ruwa, takardu su zama tsaf, sannan wurin ya zama shiru. Ka san Umma da hayaniya, nan da nan kanta yake sarawa.

Ka taimake ni, Kawu, kuma don Allah ka riƙa ɗaga waya.

'Yarka,
'Yar Gaggawa, kamar yadda ka saba kira na

Zuwa ga 'Yar Gaggawa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta har sau biyu. Baya da sauƙi, sai dai in na sunkuya sai na yi shawara da shi kafin in miƙe. Na leƙa Umman taki, tana nan da bakinta, ta ce in gaya miki ki daina sauraron maƙwabta.

Na samo gida. Sai da na duba bakwai kafin na tsaya a kansa. Ɗaki huɗu ne, biyu suna kallon biyu, da tsakar gida da za a iya shanya a ciki, da famfo, da banɗaki biyu. Ba bene, ko tudu babu a bakin ƙofa, Umma za ta shiga kamar ta shiga tabarmarta. Na hau rufin da ƙafata, kwano uku ne kawai suke son canji. Na kankare fenti a gindin kowane bango, a bushe yake. Na buɗe akwatin wuta na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na zuba bokiti biyar a kwata na tsaya na ga inda ruwan ya bi. Dillalin da ya kai ni har ya gaji ya zauna a kan bulo yana fifita da hularsa. Takardu kuma lauya ya duba ya ce babu ƙura a ciki.

Maganar shiru kuwa, ki kwantar da hankalinki. Akwai masu yanka katako a bayan gidan, amma bangon mai kauri ne, aikin da. Na zauna a tsakar gida awa biyu da rana tsaka, ko motsinsu ban ji ba. Har gyangyaɗi na yi. Mai gidan ya sakar mana shi da araha, na kuma gane matsuwa ce ta kama shi, don ko ciniki bai tsaya ja ba.

Har na sami ɗan haya na farko, wani ma'aikacin jinya mai kwana a wurin aiki, ya ce shi dai wurin da zai yi barcin rana yake nema. Na ce ya zo gidan barci. Akwai kuma wasu mata da miji masu jariri da za su shigo ƙarshen wata.

Waya kuwa ita ce ta lalace. Duk wanda ya kira sai in ji muryarsa kamar daga cikin tulu. Mu ci gaba da takarda, ta fi daɗewa a hannu.

Kawunki

Kawu,

Bayan gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Ni ina nan, allura ta soke ni a ɗan yatsa amma ya warke.

Wata biyu ban ga takardarka ba, sai a bakin Umma na ji wai ma'aikacin jinyar ya tashi, ko sati uku bai cika ba. Mutumin da ya biya na wata uku ya bar gida a sati na uku, har ya yafe sauran, kuma ba ka ga abin rubutowa a ciki ba? Me ya ce maka? Ruwa ba ya tsami banza, Kawu.

Na aika maka da sabuwar waya ta hannun direban motar kamfaninmu da yake bi ta wajenku. Ya ce ya damƙa maka hannu da hannu. Na kira ta sau huɗu, tana shiga, ba a ɗauka. Ita ma a tulu ta faɗa?

Saura wata takwas. Shugabar sashenmu ta fara zagayawa da takarda tana tambayar masu zama da masu tafiya. Na ce mata ni mai tafiya ce, ta yi wani murmushi da ban so ba.

'Yar Gaggawa

Zuwa ga 'Yar Gaggawa,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Umma ma da sauƙi, na kai mata man shafawa na gwiwa. Wayar ta iso, kyakkyawa ce, na gode. Ina yawan mantawa da ita a aljihun wata rigar.

Ban rubuto ba ne don ina so in gyara matsalar tukuna in ba ki labari mai daɗi. Ma'aikacin jinyar nan ya tare ni a ƙofa idonsa ja wur, ya yi ta magana yana nuna bangon baya. Yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana, sai su yi ta tauna kalma kamar masu ciwon haƙori. Na dai ba shi haƙuri na ce za a duba. Da ya tafi na bi bangon da tafin hannu, na sami wani ɗan tsagu kamar gashi daga sama. Na sa an fasa wurin, an sake shafe, an yi sabon fenti. Yanzu bangon nan ko a ofishin manya sai haka.

Masu jaririn su ma sun tashi, gara ki ji daga bakina. Matar ta riƙa nuna mini tagar baya tana nuna jaririn, shi kuma yana ta wage baki. Na gane sauro ne. Na sa raga sabuwa, na canza gilashin da ya tsage. Kwana biyar bayan haka na tarar suna loda kaya a mota. Mijin ko kallona bai yi ba.

Ni abin ya ishe ni, 'yar nan. Gida tsaf, ruwa ba ya yankewa, rufi ba ya yoyo, amma mutane suna gudunsa kamar an ce akwai maciji a ciki. Na yi kwana uku ina zagaya shi da fitila ina shinshina kwata ko wari ne, babu. 'Yan hayar zamani ne kawai ba su da godiya. Mu da muka yi haya a ɗakin da in ana ruwa sai mun jera kwanoni, ba mu taɓa tashi ba.

Yanzu dillali ya kawo wata malamar makaranta, mai natsuwa, ta ɗauki ɗakin kusa da famfo. Wannan za ta zauna, na ga alama. Ki ƙara haƙuri, sannu ba ta hana zuwa.

Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ban da barci da ya ƙaurace mini.

Sannu ba ta hana zuwa, amma ka bar ƙarshen maganar: sai dai a daɗe ba a je ba. Ni kuwa ba ni da daɗewar. Saura wata huɗu, ɗaki biyu a kulle, na uku ban san ranar da za a kulle shi ba. Abin da na ajiye don sayen keken shagona ya tafi a fenti da raga da gilashi. Gidan da na saya don ya ɗauke mini kaya, shi nake goyo.

Mutum biyu sun tashi, kuma a duka takardarka babu inda ka rubuta abin da suka faɗa da bakinsu. Wannan ya nuna bango, waccan ta nuna taga. Bebaye dillalin yake kawo maka? Ba ka tambaye su ba? Ba ka ce su maimaita ba?

Zan faɗi abin da yake cina, in ya yi zafi ka yi haƙuri. Na ba abokiyar aikina labari, ta ce ta san irin wannan. Dillali yana da la'ada a kan kowane sabon ɗan haya, saboda haka tashin mutane riba ce a wurinsa, kuma ba ya iya yin haka sai da na cikin gida. Na ce mata Kawuna ba haka yake ba. Ta ce to me ya sa yake gudun muryarki? Sai na juya na ci gaba da ɗinkina.

Ban ce ka ci amanata ba. Amma wata bakwai kana ƙin magana da ni baki da baki, kuma mai gaskiya ba ya tsoron tambaya. Ka kira ni ranar da takardar nan ta same ka. In ba ka kira ba, shiru ma magana ce.

'Yar Gaggawa

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Umma ta ce rabonta da ganinka sati bakwai, sai dai ka aiko da man gwiwa a ajiye mata a ƙofa. Na san takardata ce ta jawo haka.

Jiya malamar makarantar ta kira ni. A jikin takardar haya ta ga lambata. Ta ce za ta tashi ƙarshen wata, kuma ba ta so ta tafi ba ta gaya wa mai gida dalili ba. Na ce ina jin ki. Ta ce, "A'a, ba ni za ki ji ba, bari in fita tsakar gida." Sai ta ɗaga wayar sama.

Kawu, sai da na janye wayar daga kunnena. Wata ƙara ce siririya mai shiga har cikin haƙori, ta tashi ta faɗi, ta sake tashi. Ni da nake yini cikin keke ɗari biyu ban taɓa jin irinta ba. Malamar ta ce zarton injin masu katako ne, daga bakwai na safe har rana ta faɗi, kullum. Ta ce a makaranta take tsayawa ta duba littattafan ɗalibai don ba ta iya karanta layi ɗaya a ɗakin. Na ce ba ki gaya wa Kawuna ba? Ta ce, "Sau uku. Yana tsaye yana kallon bakina yana murmushi, ya ce to, to, za a duba. Washegari ya zo ya canza mini kan famfo." Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baiwar Allah, tsohon nan fa ba ya ji. Ba ku sani ba?"

Ba mu sani ba. Na zauna a bakin gado ina tuno abubuwa. Zuwana gida na ƙarshe, ka zauna daf da ni kana kallon fuskata, na ɗauka kewa ce. Na tambaye ka ya jikin Gwaggo, ka ce ai kuwa an gode, alhali Gwaggo tana asibiti. Rediyonka ana jin sa daga bakin titi, muka yi ta yi maka dariya.

Kunya ta kama ni a kan abin da na rubuta maka na dillali, na janye shi, ka yafe mini. Amma ban huce ba, Kawu, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na huce ba. Sharaɗi uku na ba ka. Biyu na ido ne, ɗaya na kunne. Da ka ce mini, 'yar nan, na ukun ya fi ƙarfina, da ko mai shayin bakin layi na roƙa ya shiga ya saurara mini minti biyar. Gumin shekara bakwai na zuba a gidan da uwata ba za ta iya yini ɗaya a cikinsa ba. Saura sati shida in ba shugabar sashenmu amsa ta ƙarshe.

Ka rubuto. Na daina cewa ka kira.

'Yar Gaggawa

'Yata,

Wa alaikumus salam. Jikina lafiya. Takardunki biyu suna gabana, ta farko na ninke ta na sa a ƙarƙashin akwati, ta biyu ita zan amsa.

Da na karanta ta, na tafi gidan da rana tsaka. Na shiga ɗakin baya na kifa tafin hannuna a bango, kamar yadda nake yi wa inji in ina neman inda yake ciwo. Bangon yana rawa a hannuna. Tun ranar farko yake rawa, na ji shi lokacin da nake neman tsagu, na ce manyan motoci ne a titi. Na zagaya baya na tsaya a gaban zarton. Ina ganin haƙoransa suna cin katako, gari yana tashi, masu aikin sun cusa auduga a kunne, ni kuwa abin da yake iso mini bai fi kukan sauro ba. A nan na zauna a kan wani gungume, na daɗe ban tashi ba.

Shekara goma sha biyu ke nan da abin ya fara. A masaƙa, wanda aka gane kunnensa ya tafi sallamarsa ake yi, ni kuwa saura shekara huɗu in kai ga fansho. Sai na koyi kallon baki, na koyi cewa to, to. Na ci nasara, ba wanda ya gane. Da na bar aiki ya kamata in ajiye dabarar, amma ta riga ta zama riga a jikina. Tun rasuwar matata kuma babu wanda yake zama da ni har ya lura. Da kika ce duk dangi babu mai idona, daɗi ya kama ni, na kasa cewa idon ne kawai ya rage. Na yi zaman awa biyun nan a tsakar gida da zuciya ɗaya, na rantse miki. Na manta cewa ni ko'ina shiru ne a wurina.

Ban zo da ban haƙuri kawai ba. Na sami mai wurin katakon, na ce masa ni kurma ne, ya rubuta mini amsa a takarda. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina. Ashe wuri ya yi masa kaɗan, ƙofofi da tagogin da suka gama haɗawa a waje suke kwana, ruwa yana ɓata su. Zai ɗauki ɗaki uku ya mai da su ma'ajiya, shekara biyu a rubuce. Abin da zai biya bai kai na masu kwana ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, amma ƙofa ba ta ƙorafin ƙara. Sayar da gidan yanzu asara ce, don duk layin an san dalilin arharsa, mu kaɗai ne ba mu sani ba.

Ɗaki na huɗu kuma na samo masa ɗan haya wanda ba zai taɓa tashi ba. Ni ne. Duk garin nan ni kaɗai zan iya barcin rana a ɗakin nan, na kuma gwada. Zan biya kamar kowa, kada ki ce a'a. Ɗakin da nake ciki yanzu a ƙasa yake, babu matakala, na yi magana da mai gidan ya yarda Umma ta gaje ni. Ina ganin unguwar shiru ce, amma kada ki yarda da ni. Ki aiko mai kunne ya saurara.

Na san duk wannan bai kai ya dawo da ke gida bana ba. Wannan ni na jawo, kuma ba ni da abin da zan gyara shi da shi.

Kawunki

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya baya, ya kwashe kaya? Kada ka ɗauki akwatin ƙarfen nan da kanka, masu katako suna da ƙarti.

Na sa hannu. Shugabar sashenmu ta turo mini takardar shekara biyu da murmushin nan nata, na zauna a ofishinta na ƙi tashi har ta mai da ita shekara ɗaya. Da na fito na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na koma kan keke. Har yanzu shuɗin muke ɗinkawa.

Na roƙi malamar makarantar ta je ɗakin naka ta saurara. Ta je sau biyu, da safe da yamma. Ta ce babu komai sai wani zakara a gidan maƙwabta, kuma shi ma malalaci ne. Umma ta ce za ta koma, amma sai ka cire hotunan injunan da ka manna a bango.

Ka sa hannu da mai katako, amma lauya ya karanta tukuna, kuma a rubuta cewa duk bangon da suka fasa su za su gyara. Hayarka zan karɓa, ba zan ce a'a ba, don har yanzu da sauran haushinka a raina. Ta wata ukun farko ka kai asibiti a duba kunnen, an ce akwai na'urar ƙara ji da ake maƙalawa. In ka ce mini to, to, za a duba, zan sani.

Wayar kuma ka fito da ita daga aljihun waccan rigar. Ranar hutuna da yamma zan kira. In ta yi haske ka ga sunana, ka ɗauka ka yi ta magana, ka ba ni labarin gidan da na Umma da na zakaran. Ba sai ka ji ni ba. Shekara bakwai ban ji muryar gida yadda nake so ba, ni zan saurara.

'Yarka,
'Yar Gaggawa